Daga Bakin Hedimasta Zuwa Kunnen Inna

A 1978 wani marubuci ɗan Amurka mai suna Louis Sachar ya fitar da littafin yara a kan wata firamare da ya kira Wayside. An ba magini aikin jera ajujuwa talatin a ƙasa, wannan kusa da wannan. Bawan Allah ya fahimci aikin yadda ya ga dama, ya ɗora aji bisa aji, aka wayi gari da bene hawa talatin, kowane hawa aji guda. Wato tun ba a buga ƙararrawar farko ba an riga an ji saƙo a karkace. Da wannan jarin Sachar ya yi ta ba yara dariya, littafi bayan littafi.

Ba shi ya fara ba. A Faransa, tun 1959 René Goscinny da mai zane Sempé suka soma labaran ƙaramin Nicolas, yaron da ke ba da labarin makarantarsu da bakinsa, yana yi wa maganar manya fassarar da ta yi masa daɗi, kuma da zuciya ɗaya. A ajinsu akwai Alceste da ba a raba shi da ciye-ciye, da Agnan ɗan gaban goshin malama wanda ba dama a mare shi don yana sa tabarau, da Clotaire da ya riƙe kambun na ƙarshe ya hana kowa. A 2007 kuma Jeff Kinney ya zo da Greg Heffley da ɗan kundinsa, suka karaɗe duniya. Masu karatun irin waɗannan littattafai galibi 'yan shekara takwas zuwa sha biyu ne, shekarun da yaro ya iya karatu amma bai gama gane manya ba, su ma manyan ba su damu su gane shi ba.

Mu dariya ba ta yi mana ƙaranci ba. Wanda ya karanta Ruwan Bagaja ya san irin ƙetar da Alhaji Imam da Malam Zurƙe suka riƙa shirya wa juna, Magana Jari Ce kuwa, wadda Abubakar Imam ya rubuta a shekarun 1930, cike take da wawaye da masu wayo. Sai dai dariyarmu a fada take, a kasuwa, a gaban alƙali. Da wuya ta leƙa aji. In an sa makaranta a littafin yara, yawanci labarin yaron da ya sha wuya kafin ya samu karatu ne, irin na Eze Goes to School na 1963, ko kuwa wa'azi ne tsantsa aka sa masa gajeren wando. Alhali kowace firamare, daga Damagaram har Zariya, tana da 'yan wasanta a shirye, ba sai an ƙirƙiro ba. Ga su nan kyauta ga duk mai biro.

Jagoran tawagar, a faɗi gaskiya, shi ne Hedimasta Mai Sanarwa. Yana tsaye a gindin tuta, ba lasifika, iskar hunturu na kwashe rabin maganarsa zuwa gonar maƙwabta, a gabansa ɗaruruwan yara da kowannensu ke neman wanda ya taka masa ƙafa. Sanarwarsa kashi uku ce. Kashin farko Turanci ne, don malamai su tuna ya yi karatu. Na biyu Hausa ce a gurguje, don yara. Na uku tari ne da gyaran murya. Yana gamawa sai ya ɗaga dorina ya ce, "Kun gane?" Ɗaruruwan baki su amsa, "Eeee!" Tun da Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909 ake yin wannan tambaya, kuma zan yi mamaki in an taɓa amsa ta da a'a. Wannan "ee" ba ta nufin an gane. Nufinta shi ne: mun ga dorinar, ƙafafunmu sun gaji, a sallame mu. Daga wannan "ee" duk sauran jama'ar da zan lissafo suke samun abin yi.

Na farko da ke karɓar saƙo daga hannun Hedimasta shi ne Mai Kunnen Zaɓe. A layin baya yake tsayawa, kuma ba kurma ba ne, don in an buɗe ledar gullisuwa a ƙarshen aji shi zai fara juyowa. Kunnensa dai yana da abin da yake so ya ji. Hedimasta ya ce, "Gobe manyan baƙi za su zo, saboda haka gobe ba makara." Shi abin da ya shiga kunnensa: gobe ba makaranta. Ba ƙarya yake yi ba, ko rantsar da shi za a yi zai rantse. Kafin a tashi tara ya gaya wa na kusa da shi, kafin azahar unguwa ta ɗauka, har uwaye sun tsara wa kowa aikensa na gobe: wannan niƙa, wannan ɗibar ruwa, wannan raka Yaya asibiti. Washegari manyan baƙi su tarar da malamai sun yi kwalliya, an share fili, an zuba ruwa, ga 'ya'yan malamai su goma sha wani abu a jere suna jiran tafa musu.

Ƙanensa a sana'a shi ne Mai Ƙara Gishiri, kuma ya fi shi haɗari, don shi yana jin saƙo daidai, kawai yana ganin saƙon ya yi lami. In an ce jami'in ilimi na ƙaramar hukuma zai zo, a bakinsa kwamishina ne. Kafin ya kai ƙofar gida ya zama gwamna, da jiniya, kuma za a raba keke. Babban abin da ya shahara da shi, wanda duk wanda ya yi firamaren gwamnati ya taɓa gani ko ya ji, shi ne ranar allura. Wata farar mota ta shigo harabar makaranta. Mutum biyu suka fito, ɗaya riƙe da kula. Mai Ƙara Gishiri, da yake kusa da taga yake zama, ya leƙa ya ce a hankali, shi da kansa, "Kai, kamar masu allura." Na kusa da shi ya jefar da "kamar" ya miƙa sauran. Kafin maganar ta kai benci na huɗu allurar ta samu tsawo, ta kai kamu ɗaya, kuma a cibiya ake yin ta. Wata 'yar aji biyu ta ƙwala ihu. Shi ke nan. Masu fita ta ƙofa na fita, masu bin taga na bi, yayye na saɓa ƙanne a kafaɗa, katangar da aka ce ba mai iya haura ta sai ga 'yan aji ɗaya a kanta. Cikin ƙiftawa ba abin da ya rage a fili sai silifas wari-wari da ƙura. Mutanen motar kuwa, ashe ƙanen Malama ne da abokinsa, sun kawo mata kunun aya da zoɓo na sunan da za a yi a gidansu. Washegari in an tsare Mai Ƙara Gishiri zai ce, cikin ladabi, "Malam, ni fa kamar na ce." Kuma gaskiyarsa ce.

Akwai kuma Ɗan Kamasho. Shi ba ya ɓata saƙo don nishaɗi, kasuwanci yake yi. Kowace sanarwa ta biyo ta hannunsa sai ta fito da farashi a wuya. Kuɗin alli, kuɗin tsintsiya, kuɗin jarrabawa, kuɗin gyaran ƙararrawa, kuɗin ta'aziyyar surukin Hedimasta. Baban ya ce, "Kai, ba tun zamanin UPE a 1976 aka ce firamare kyauta ce ba? Ba doka aka yi a 2004 ba?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, kyauta ce, amma an ce kowa ya zo da kuɗin kyautar." Abin da ke hana a kama shi da wuri shi ne makarantar ma takan nemi irin waɗannan kuɗaɗe da gaske, har ba a iya bambance wanda Malam ya yanka da wanda yaro ya yanka. Inna dai ta san ɗanta, saboda haka duk abin da ya faɗa rabi take bayarwa. Shi ma ya san Innarsa. Malam ya ce ɗari, ya ce ɗari uku, a ba shi ɗari da hamsin, ya miƙa ɗari, hamsin ta tafi wajen mai rogo da ƙuli. Wannan yaron shi ne a takardar sakamako aka rubuta masa cewa lissafi na ba shi wahala.

Wanda na fi ƙauna a cikinsu duka shi ne Yadda-Aka-Ce. Turawa suna da irinsa a littafi: Amelia Bedelia, 'yar aikin gidan da Peggy Parish ta ƙirƙiro a 1963, wadda ke aikata kowane umarni daidai yadda kalmominsa suka fito, ko da gidan zai kife. Namu ya fi ta, don shi ba a biyansa. Malam ya ce, "Je ka duba ko Malamin lissafi ya zo." Ya je, ya duba, ya ga ya zo, ya dawo ya zauna abinsa. Bayan rabin awa Malam ya ce, "Kai, ina aiken da na yi maka?" Ya miƙe ya ce, "Na duba, Malam." Ai ba a ce ya dawo da labari ba. An ce a kwafi duk abin da ke kan allo, ya kwafe darasin, ya kwafe kwanan watan makon jiya da ba a goge ba, ya kwafe sunayen masu surutu har da nasa. A jarrabawa an ce kowa ya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa yana neman kuɗin littafi, ya rubuta layi ɗaya: Baba yana gida, in na koma zan gaya masa da baki.

Ranar da ya kafa tarihi ita ce ranar da ya fasa gilashin ofis da ƙwallo, Hedimasta ya fusata ya ce, "Kar in sake ganin ƙafarka a makarantar nan sai tare da mahaifinka!" Mahaifin direban babbar mota ne, a ranar ya ɗauki lodin albasa zuwa Fatakwal. Yaro ya zauna a gida. Kullum da safe sai ya yi wanka, ya sa inifom, ya zauna a dakali yana kallon hanya. Inna ta ce ta raka shi, ya ce ba ita aka ce ba. Kawu ya ce ya zo su je, ya ce mahaifi aka ce. Sai da aka share mako biyu motar ta dawo, uba da ɗa suka doshi ofis, Hedimasta ya dube su ya ce, "Lafiya? Wane yaro ne wannan?" Ya manta da gilashin, ya manta da maganar. Yaron ne kaɗai a duk makarantar ya ɗauki Hedimasta da muhimmancin da Hedimasta ke nema.

Da makaranta ta gaji da baki sai ta koma takarda, a nan kuma Ma'ajin Takarda ke jira. Ba ya ƙara komai, ba ya rage komai, yana dai ajiyewa. Takardar ta kwana a aljihun wando, ta sha man awara, ta shiga wanki ta fito, ranar da aka tashi guga a ciro ta a warware a hankali. Abin da ya rage a jikinta: ana gayyatar iyaye taro gobe da ƙarfe goma. Kwanan watan ya bi ruwan sabulu. Baba ya ɗauki uzuri a wurin aiki, ya sa babbar riga, ya je ya tarar an yi taron tun ranar Talatar waccan, har an zaɓe shi a kwamitin gyaran masai saboda ba ya nan balle ya ƙi. Saƙon makaranta kamar ƙanƙarar azumi ce a hannun yaro: a shago ƙanƙara ce, a ƙofar gida jiƙaƙƙen hannu ne da dogon bayani.

Monita shi ma ma'aikacin sadarwa ne, sai dai rahotonsa na sayarwa ne. Malam zai fita ya ce a rubuta masu surutu. Sunan farko a takardar na wanda ya hana shi aron biro ne jiya. Na biyu na wanda ya tambayi dalilin rubuta na farko. Wanda ya yi tari an rubuta shi, wanda ya ce "sannu" an rubuta shi sau biyu. Tuwon madara ɗaya na goge suna, biyu na mayar da sunan kan wani. Ƙarfin mulkinsa na kai ƙololuwa ne a makarantun da aka haramta "banakula". Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 cewa ta yi a koyar da yaro da harshen gida ko na yankinsa a shekarun farko na firamare, Turanci ya karɓi ragama daga baya. Makarantu da yawa sun ji wannan saƙon su ma irin jin Mai Kunnen Zaɓe, suka sa tara a kan Hausa tun daga ranar farko. Sakamakon shi ne aji mai shiru da yawan nuni da hannu, da yaran da suka haddace jimla ɗaya tal, "Eskis sa," suna neman izinin fitsari da ita, suna kai ƙara da ita, suna ba da haƙuri da ita. Shi kuma Monita, da ya ji motsin Hausa a baya, sai ya daka tsawa, "Wa ya yi banakula a nan?" Aji duka ya nuna shi.

Masu rera taken ƙasa ba sai na daɗe a kansu ba, kowa ya san su: murya ta kai murya, kalmomi kuwa na wani harshe ne da ba a gano ƙasarsa ba tukuna. Abin da ya ƙara armashi shi ne da aka dawo da tsohon take a watan Mayun 2024, wanda aka ajiye tun 1978. Yawancin malaman ba a haife su ba lokacin da aka daina rera shi. Sai ga Malam a gaban layi yana motsa leɓe yana harara, yana jiran yara su ja ya bi, su kuma suna jiransa.

Tunda an zo kan malamai, kada su ce an ƙyale su. Akwai Malam Abin-Nan. "Kai, je ofis ka ɗauko min abin nan a kan abin nan, in ba ka gan shi ba ka tambayi wane." Yaro ya ce to, ya fita da gudu, don gudun shi ne alamar ladabi. Sai ya kai tsakiyar fili sannan ya tsaya ya tambayi kansa me aka aike shi. Komawa ya tambaya kuwa ba ta taso ba. Zai ɗauko dasta, a ce ba ita ba. Ya ɗauko rajista, a ce shi wane irin kai ne da shi. A karo na uku ya dawo da kujerar Hedimasta a ka. A ganina nan ne tushen abin yake. Muna koya wa yaro a darasin Hausa cewa matambayi ba ya ɓata, amma ranar da ya ce wa babba "me ka ce?" sai a ce ya fara fitsara. Yaro ya lissafa ya ga kuskure bulala biyu ne, tambaya kuwa bulala biyu ce da baƙin jini, sai ya zaɓi kuskure. Duk marubucin da zai taɓa wannan fage ya ce zai bar manya da rawaninsu a miƙe, yara kaɗai ne sakarkaru, to ya bar rabin dariyar a ƙasa. Yara sun san wanda ya fara ɓata saƙon.

Gwanin gwanaye kuwa shi ne Tafinta. Tun da aka kafa hukumar bautar ƙasa a 1973 makarantunmu ke samun malamai 'yan kudu da ba su jin Hausa, a gida kuma akwai kakannin da ba su jin Turanci. A tsakaninsu sai wanda ake ƙara. Malama Kofa ta gaji da halin wani ɗan aji biyar, ta ce ya zo da babba. Ya duba gidansu kaf, ya tsallake Baba, ya tsallake Yaya mai sakandare, ya zaɓo Kaka. Aka ba ta kujera a gindin darbejiya. Malama ta fara zuba Turanci, tana ƙirga laifuffuka da yatsu: fashi, rashin yin aikin gida, dukan 'yan aji.

Kaka ta ce, "Me take cewa, Maigida?"

"Ta ce tana gaishe ki, ya ƙafar taki."

"Allah sarki, 'yar albarka. Yatsun da take ƙirgawa fa?"

"Darussan da na fi kowa ne, Kaka. Ta ce kuma duk ajin ba mai ƙarfina."

Na ƙarshen ma ba ƙarya ba ne. Kaka ta washe baki, ta ɗaga hannu sama ta shiga addu'a: Allah ya yi wa Malama albarka, ya ba ta miji nagari, ya mayar da ita garinsu lafiya. Malama ta ga tsohuwa na ɗaga hannu tana magana da ƙarfi, ta tambayi Tafinta me ake ciki. Ya haɗa ɗan Turancin da yake da shi da nuni, ya fahimtar da ita cewa Kaka ta rantse yau sai ta kusa kashe shi a gida, saboda haka tana roƙo kada a ƙara masa wani dukan a makaranta. Tausayi ya kama Malama, ta dafa kafaɗar Kaka tana ba ta haƙuri. Kaka ta ce, "Ka ga har ta saba da ni." Aka rabu kowa na murna. Washegari Tafinta ya iso da ƙwan zabi a ƙwarya, saƙon Kaka ga Malama, kuma a bisa adalci ya miƙa fiye da rabi. Ni ban ga laifin da za a kama shi da shi ba, ya shiga tsakanin ɓangarori biyu da ke shirin rikici ya fito da su suna musayar kyauta. Manya na karɓar albashi a kan abin da bai kai wannan ba.

In saƙo ya tsallake duk waɗannan ya isa gida da ransa, to akwai masu jiransa a zaure. Akwai Baba Je-Ka-Gaya-Wa-Uwarka, da Inna Bari-Babanku-Ya-Dawo, waɗanda ke iya buga saƙo ɗaya a tsakaninsu har zangon karatu ya ƙare. Akwai Baba Mai Kyakkyawan Zato, wanda ya buɗe takardar sakamako ya ga Malam ya rubuta "Ya ƙara ƙoƙari." Malam umarni ya bayar, wato yaron nan ya tashi tsaye. Baba ya karanta shi a matsayin labari mai daɗi, wato yaro ya riga ya ƙara, ya sa aka yanka zakara. Ɗan ya san abin da Malam ke nufi sarai, amma cinya na hannunsa, ba lokacin gyaran karatu ba ne. Ita kuwa Kaka, da aka ce jikanta ya zo na arba'in da biyu, guɗa ta rangaɗa. "Arba'in da biyu! Ɗan gidan Liman da ake ta kurantawa ɗaya tal ya samo."

Zamani ya zo da waya, makarantu suka buɗe zauren iyaye a WhatsApp, aka ce an huta da aiken yara. Sai ga iyayen sun gaji 'ya'yansu. Hedimasta ya rubuta cewa an ɗage jarrabawa zuwa Litinin. Baba Mai Amin ya amsa da "Amin ya Allah," don shi kowane dogon rubutu addu'a ne. Mutum goma suka bi shi da amin. Hajiya Mai Saƙon Murya ta aiko da minti bakwai, biyar gaisuwa ce, ɗaya faɗa da mai aiki, na ƙarshe tallan atamfa. Wani ya turo hoton maganin basir. Kafin magariba sanarwar ta nutse ƙarƙashin saƙo ɗari, sai ga wani uba ya shigo yana tambaya, "Don Allah gobe akwai jarrabawa?" A amsa masa da amin.

A kowane aji akwai yarinya ɗaya da ta ji daidai, ta rubuta a bayan littafinta, ta kuma faɗa daidai. Ba mai yarda da ita, don nata labarin ba hutu a ciki, ba gwamna, ba keke. Marubuci ya riƙe ta da kyau, ita ce za ta ba da labarin.

Amma in ana neman sahihin labari a makaranta, ba ofis ake zuwa ba, bakin ƙofa ake zuwa, wajen Iya Mai Awara. Ba ta taɓa zama a aji ba, ba ta cikin zauren WhatsApp, amma jarinta ya dogara da sanin ranar da yara za su zo da ranar da ba za su zo ba, don waken suya da aka jiƙa ba ya jiran a gyara sanarwa. Tana jin na maigadi, ta ji na masinja, ta ji na malaman da ke tsayawa cin bashi, ta tace, ta zubar da gishirin Mai Ƙara Gishiri, ta cire kamashon Ɗan Kamasho. Ta san ranar hutu kafin takarda ta iso daga ofishin ilimi. Ta san yajin aiki tun shugabannin ƙungiyar malamai ba su gama taro ba. In ka ga ba ta kafa kaskonta ba da safe, juya da ɗanka gida kawai. Shi kansa Hedimasta, in lissafin hutun Sallah ya rikice masa, yakan kira yaro a asirce ya ce, "Je ka tambayo Iya yaushe za mu dawo." Iya ta juya awara a mai ta ce, "Ka ce masa Litinin ta sama, in an ƙara kwana ɗaya Talata. Ka kuma ce masa kuɗin awararsa ya kai ɗari bakwai." Yaron ya dawo da gudu ya isar da rabin farko. Da Hedimasta ya ce, "Shi ke nan abin da ta ce?" sai ya dubi dorinar da ke kan tebur ya ce, "Ta ce kuma tana gaishe ka, ranka ya daɗe."